Rubutun Jikin Finjalin Inna

Laraba, bayan la'asar. Agadas, farkon watan Azumin Tsofaffi, 1951

Yau ma Inna ta tashi da azumi. Na ce mata zafin bana ko raƙumi ya san da shi, ta ce watan tsofaffi ne, ita kuma tsohuwa ce, in koma kan keken ɗinkina. Ba ta dube ni ba da ta faɗa. Da ma ba ta dubana. Ni ne ɗan fari, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wancan" take ce mini, ran da ta ji daɗi ta ce "mai keke".

Na san ba don watan take yi ba, don finjalin ne. Bari in rubuta yadda aka yi, ko zuciyata ta yi sanyi.

Finjalin ƙarau ne shuɗi, mai ƙafa ɗaya, da rubutun ruwan zinariya kewaye da jikinsa. Kakanmu ne ya zo da shi daga Murzuk ta hanyar Segedin, a naɗe da auduga cikin batta, ya ba kakarmu. Ita kuma ta bar wa Inna shi tare da aikin ungozoma. Duk matar da naƙuda ta yi wa tsanani a unguwarmu, za a ga Inna Habsatu tafe da battarta. Ta zuba ruwa, ta yi bisimilla, ta tallafi kan matar ta ce, "Sha ruwa, ɗiyata, ya zame miki lahiya." Kowa ya ɗauka aya ce a jiki, tunda baƙaƙen irin na allo ne. Ba wanda ya taɓa karantawa, ba kuma wanda ya ga dalilin tambaya.

Sai ga ƙanena Lukumanu ya dawo daga gabas, bayan shekarun da ya yi can wajen aikin hajji da karatu. Ranar Juma'ar da ta wuce, don murna, Inna ta fito da finjalin za ta ba autanta ruwa a ciki, abin da ba ta taɓa yi wa namiji ba. Ya juya shi a hannu, ya yi 'yar dariya ya ce, "Inna, wanga ba Larabci ba ne. Irinsa na gani a Masar, a gaban masu shan giya." Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin hanya. Inna ta karɓa, ta zubar da ruwan a gindin bango, ta mayar cikin batta ta ɗaure. Washegari ta tashi da azumi.

Ni kuwa na gaya masa maganar da ba zan rubuta ba. Ya naɗe buzunsa ya koma kwana a zauren masallaci.

Alhamis, hantsi

Azumi. Jiya da magariba kurɓi biyu ta yi a ƙoƙo, ta ture.

Juma'a, bayan saukowa daga masallaci

Zeinabu matata ta tare ni a zaure, ta ce in saurara a bakin ɗakin Inna. Na ɗauka tasbihi take ja. Ashe sunayen mata take kira, ɗaya bayan ɗaya, duk waɗanda ta taɓa shayarwa. Wasu yanzu kakanni ne, wasu sun tashi zuwa Ingal, wasu kuma tun a ranar ba su tashi daga shimfiɗa ba. Zeinabu ta ce jiya Inna ta tambaye ta, "Waɗanda suka tahi da shi a cikinsu fa, mi zan ce musu in mun gamu?"

Na shiga na tsuguna daga nesa, yadda na saba.

Na ce, "Inna, ai ruwa kika ba su."

Ta ce, "Da sunan aya na ba su."

Na ce, "To sai yaushe za ki bar azumin nan?"

Ta ce da bango, "Sai na san mi aka rubuta."

Na san Inna. In ta ce haka, haka ne. Tsoro nake ji, ba ni da wanda zan gaya wa, shi ya sa nake gaya wa takarda.

Asabar, azahar

Na kai finjalin wurin Malam Seydou, limamin unguwarmu. 'Ya'yansa duka da ruwan wannan finjali aka haife su, sai da ya goge hannu a riga kafin ya karɓa. Ya kai shi kusa da ido, ya nisanta, ya sake kusantowa. Ya ce ya ga alif, ya ga wawu, amma baƙaƙen a kishingiɗe suke, suna hawa kan juna, kuma akwai wani mai ɗigo uku a ƙasa wanda bai taɓa gamuwa da shi ba.

Ya ce, "Illiya, baƙaƙen namu ne, maganar ba tamu ba ce."

Ya biyo ni har gida, ya tsaya bayan asabari ya yi wa Inna nasiha mai kyau. Ya ce Allah niyya yake dubawa, kuma marar lafiya ba a ɗora masa ko azumin farilla ba, balle na nafila. Ta gode masa, ta sa aka ba shi dabino. Da ya fita ta ce wa Zeinabu, "Malam ya yi magana, amma bai karanta ba."

Litinin, bayan la'asar

Mun ɗora Inna a jaki mun kai ta wurin lokotoro, likitan nasara. Ya danna gefen cikinta, ya daɗe yana dannawa, sannan ya ja ni waje shi da tafinta. Abin da ya ce ba zan rubuta ba. Abin da zan rubuta shi ne ya ce ta riƙa shan ruwa da yawa, safe da rana.

Ban san abin da ya sa na ciro battar daga aljihu ba. Ya ɗaga finjalin a hasken taga, shuɗin ya zubo masa a fuska. Ya ce yana jin a ƙasashensu aka ƙera shi tun zamanin kakanni, don a sayar wa mutanen gabas, amma rubutun bai san ko ta ina ake fara shi ba. Ya tambaya ko na sayarwa ne. Na naɗe kayana.

Talata, safe

Na rage wa rigar Inna faɗi. Ban gaya mata ba.

Laraba, magariba

Bahago maƙwabcinmu ya yi sallama tun hantsi, Asma'u matarsa tana kan gwiwa. Bai ce komai a kan finjali ba, amma ya ƙi tafiya, yana ta kallon ƙofar ɗakin Inna. Inna ta tura Zeinabu, wadda ta daɗe tana bin ta wurin haihuwa tana riƙe mata kaya. Zeinabu ta miƙa hannu wajen battar, Inna ta ce, "Bar shi."

Wuni guda muna jin muryoyin mata ta kan katanga. Na ɗinka wuyan riga a baibai, na farke, na sake ɗinka shi a baibai. Gab da faɗuwar rana aka yi guɗa, mace aka samu, uwa da 'ya lafiya.

Zeinabu ta dawo da gudu ta gaya wa Inna. Inna ta ce, "Alhamdu lillahi. Kun gani, ko babu shi." Sai ta juya ta fuskanci bango. Na ga kafaɗarta tana motsi, na fita tsakar gida na tsaya kamar mai neman wani abu.

Alhamis, azahar

Azumi. Zafi. Ba abin rubutawa.

Juma'a, bayan la'asar

Akwai wani Balaraben Gadamas mai sayar da shayi da sukari a bakin kasuwa, nakan ɗinka masa wanduna, kullum sai ya ce na matse. Yau na nuna masa finjalin. Kallo ɗaya ya yi ya ce hannun Turkawa ne, mutanen Santambul, yana yaro ya sha ganin irinsa a ƙofar barikinsu. Karantawa kam bai iya ba, yaren ma bai ji. Na ce to ina amfanin sanin sunan maƙeri in ba a buɗe ƙofa ba. Ya ce in rage zafin kai, akwai wani tsoho Nomau a lambunan bakin ƙoramar Telwa, wanda aka sace yana ƙarami aka kai Murzuk, ya girma yana ɗebo wa sojan Turkawa ruwa. In akwai mai jin yarensu a ƙasar nan, shi ne.

Na yi masa alkawari wandonsa na gaba zai ɗauki mutum biyu.

Asabar, magariba

Na je. Na tarar da Baba Nomau zaune a inuwar dabino kusa da rijiya, bijimin sa yana jan guga, shi kuma yana gane cikar gugan da kunne, don idanunsa sun kusa tafiya. Na gaya masa komai. Ya shafa finjalin da yatsa, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya saurari ƙarar. Ya ce yaren yana nan a kunnensa, da shi aka zage shi, da shi kuma aka yi masa waƙa ran da ya yi zazzaɓi. Amma ko idonsa na nan, bai san baƙi ko ɗaya ba. Ya ce in karanta masa, shi ya saurara.

Na gwada. Ni karatun allo na yi, hannun ƙasarmu na sani, mai tsayuwa a miƙe. Na haɗa abin da na iya haɗawa na furta. Tsohon nan ya yi dariya har da tari.

Ya ce, "Ɗana, wanga ba Turkanci ba ne, akuya ce ta shaƙe. Ka zo mini da wanda ya san hannun gabas."

Mutum ɗaya na sani a garin nan da ya zauna a gabas ya karanta littattafansu. Na taho gida ina ta harbin duwatsu a hanya.

Lahadi, safe

Ba zan je ba. Shi ya ɓata, shi ya kamata ya zo.

Litinin, azahar

Yau Inna ba ta iya zama ba sai da Zeinabu a bayanta. Na sake rage rigar. Ban je ba.

Talata, bayan la'asar

Na je.

Na same shi a zauren masallaci, littafi a buɗe a cinya, ba karantawa yake ba. Ya rame, wuyansa ya fito. Na zo da maganganu a shirye, da na gan shi duk suka gudu, sai na ji bakina yana tambayarsa ko ya ci abinci.

Ashe kullum in na tafi shago yana zuwa gida ya zauna a bakin ɗakin Inna, Zeinabu ce ta ɓoye mini. Ya roƙi Inna, ya ce subul da baka ya yi, ta manta da maganar. Ita kuma tambaya ɗaya take masa, "Ka ce ka gani a Masar. Ba ka gani ba?" Shi kuwa ya gani, ba zai iya cewa bai gani ba.

Ya ce, "Yaya, siffar kawai na duba. Ko rubutun ban tsaya na kalla ba. Na so ne ta ga na zaga duniya."

Na ce ta gani. Sannan na gaya masa zancen Baba Nomau, na ce mu je lambu mu karanta mu uku. In alheri ne mu kawo mata, in akasin haka ne mu san abin da za mu ce. Ya dube ni ya ce shi ba zai yi mata ƙarya ba. Na ce shi da gaskiyarsa ai mun ga inda suka kai mu. Da na faɗa, sai na ji kunya.

Inna ce ta raba gardamar. Na gaya wa Zeinabu, ta kai mata labari, sai Inna ta ce a ƙofar ɗakinta za a karanta, da kunnenta za ta ji. Ta ce, "Na san mai keke. In aka yi a lambu, zai ɗinko mini magana daidai jikina."

Laraba, tun hantsi har yanzu da nake rubutu, bayan la'asar

Ina so in rubuta tun ban manta komai ba.

Na ɗauko Baba Nomau a jaki. Muka shimfiɗa tabarma a bakin ɗakin Inna, asabari a sake, ita tana ciki kwance. Lukumanu ya ɗaga finjalin, ya juya nan, ya juya can, ya ce zinariyar ta koɗe, haske yana ratsawa, ba ya ganin ɗigo. Zeinabu ta tashi, ta dawo da madarar akuya ta cika shi. Nan take baƙaƙen suka fito a kan farin, har da waɗanda muka ɗauka sun ɓace.

Wahalar ita ce babu wasali ko ɗaya. Sai Lukumanu ya furta kalma da wasalin sama, Baba ya girgiza kai, ya furta da na ƙasa, ya girgiza kai, ya koma ya sake. Kalmar farko mai ɗigo ukun nan ta ci mana lokaci. Gumi yana ɗiga daga gemun Lukumanu, ni kuwa ina ta addu'a a zuci, ban ma san abin da nake roƙo ba. Baba ya ce a bar ta, a wuce ta biyu.

Baƙi biyu ne kawai. Lukumanu ya ce "sawu", ya ce "so", ya ce "su".

Tsohon ya ɗaga hannu. Ya ce a hankali, "Su. Ruwa ke nan. Da shi suke kirana. Na girma ina tsammani sunana ne."

Na ji Inna ta motsa a ciki.

Daga nan ta farkon ta zo da sauƙi, Baba ya ce in ruwa ne a gaba, to a gwada "ic". Lukumanu ya duba ya ce ya yi daidai da baƙaƙen. Baba ya ce ma'anarsa "sha". Bayan wannan sai fili, zinariyar ta goge sarai, faɗin kamar yatsa biyu. A ƙarshe kalma guda, wadda Lukumanu ya kama a gwaji na biyu, "olsun". Baba ya ce wannan ita ce "ya zama", da ita suke rufe fatan alheri.

Muryar Inna ta fito, siririya. "Wurin da ya goge fa?"

Na buɗe baki, Lukumanu ya riga ni. Ya ce, "Ba ya karantuwa, Inna. Ba wanda zai ƙara karanta shi."

Ta ce, "Mi ya goge shi?"

Zeinabu ta karɓi finjalin ta riƙe shi yadda Inna take riƙewa in za ta shayar da mace, yatsu huɗu a baya. Babban yatsanta ya sauka daidai kan filin. Ta ce, "Hannunki ne, Inna. Naki da na Kaka."

Baba Nomau ya matsa kusa da asabari. Ya ce, "Habsatu, ni ban san abin da ke rubuce ba, abin da kunnena ya ji na sani. Na miƙa wa mutanen nan ruwa tun ina yaro har na yi gemu, su ma sun miƙa wa juna a gabana. In an ce sha, aka rufe da olsun, abu guda ake sawa a tsakani, lahiya. Sha ruwa, ya zama lahiya."

Tattabarun Bahago suna kuka ta bayan katanga.

Inna ta ce, "Ba aya ba ce ke nan."

Lukumanu ya ce, "Ba aya ba ce."

"Ba kuma giya ba."

"Ruwa aka rubuta, Inna. Wanga na gani da idona."

Sai muka ji wani sauti, na zabura na ɗauka tari ne ya sarƙe ta. Dariya take yi. Ta ce, "Ashe abin da nike ce musu ne."

Rana tana tsaka, ko azahar ba a kira ba. Ta ce a juye madarar a ba Baba, a ɗauraye, a cika daga randa. Zeinabu ta shiga ta tallafi kanta. Muna zaune muna jin saukar ruwan a maƙogwaronta, Lukumanu ya rufe fuska da hannun riga. Ta ce a ƙara, aka ƙara. Na ɗauka ita za ta sha.

Sai ga hannunta ya fito ta gefen asabari, finjalin yana rawa a ciki, ruwa yana zuba a tabarma. Ta ce, "Leɓen wancan ya tsage. Yana tsammani ban san tun yaushe yake bina azumi ba."

Ban rubuta wannan ba a nan, ban kuma gaya wa kowa ba, ko Zeinabu ce mata nake na ci a kasuwa. Na matsa na sa hannu biyu. Ba ta saki ba.

Ta ce, "Sha ruwa, Illiya."

Na sha.

Alhamis, hantsi

Ta sha fura kaɗan. Lukumanu ya dawo da buzunsa.

Asabar, bayan la'asar

Gidan cike yake da mata, labari ya zaga unguwa. Kowacce sai ta sa babban yatsanta a wurin da ya goge. Asma'u ta aiko da jaririyarta, Inna ta sa aka kwantar da ita a ƙirjinta, ta ɗiga mata ruwa a baki da ɗan yatsa, ta ce an rama bashin ranar haihuwarta. Ta yi mini tsiya a gabansu, wai na rage mata riga sau biyu ina tsammani makauniya ce. "Mai keke" ta ce. Ban damu ba.

Litinin, azahar

Ruwa take sha, ruwa kawai. Ta daina kiran sunayen.

Laraba, safe

Ban buɗe shago ba.

Alhamis, bayan azahar

Na yi ɗinki da hannu yau, farin ƙyalle na likkafani, ban taɓa keke ba. Lukumanu ya riƙe mini gefe. Baba Nomau ya zo a ƙasa tun daga lambu, ban san wanda ya gaya masa ba.

Lahadi, hantsi, watan Sha'aban

Na daɗe ban buɗe wannan takarda ba.

Ɗazu muna zaune a zaure ni da Lukumanu, wani mutum daga unguwar maƙera ya yi sallama. Bai san yadda zai fara ba. Ya yi mana gaisuwa, ya sake yi, sannan ya ce ɗiyarsa ce, tun asuba, kuma haihuwar fari ce. Ya ce ya san gidan yana cikin wani hali.

Lukumanu ya tashi ya shiga ɗakin Inna, wanda ba wanda ya shiga tun ranar. Ya fito da battar a hannu biyu ya miƙa wa Zeinabu. Ta tsaya da mayafi a ka, ta ce masa, "Malam, in sun ce aya ce fa?" Ya ce ta gaya musu ba aya ba ce, ta yi bisimilla, sannan ta faɗi abin da Inna take faɗa. Ta rungume battar a ƙirji ta bi mutumin.

Zan buɗe shago gobe, Balaraben Gadamas yana jiran wandonsa. Jiya a bakin kasuwa wani ya kira ni, "Illiya", sai da ya kira sau biyu kafin na juya. Na ji shi tun farko. Ina dai so in ɗan ƙara riƙe yadda ta faɗe shi.